Jigon Tasowa da Neman Asali a Fim Ɗin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Daga cikin jigogin da masu shirya fim suka daɗe suna sarrafawa akwai jigon tasowa, wato labarin yaro tun daga ƙuruciya har ya mallaki hankalin kansa. A irin wannan labari, tauraro yakan tsinci kansa tsakanin al'adar da ya gada da wadda ya tashi a cikinta. Wannan darasi zai nazarci jigon a fim ɗin Shaihu Umar, ya kwatanta shi da wani fim na Amurka, sannan ya nuna abin da ɗalibi mai koyon malanta zai tsinta a ciki.

2.0 Tarihin Fim Ɗin

Tushen fim ɗin shi ne littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar a ƙarƙashin Rupert East. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo. A 1976 Adamu Halilu ya ba da umurnin ɗaukarsa a fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. An gyara tsohon faifansa, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin, ƙasar Jamus, a 2018.

3.0 Warwarar Jigo

Umar ne da kansa yake ba almajiransa labarin rayuwarsa. An haife shi a Kagara, ya tashi maraya a hannun mijin uwarsa, Makau. Bayan an kori Makau saboda makircin mahassada, sai aka sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi. A Kano wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya karɓe shi, ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Can ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami.

Abin lura shi ne, ilimi da ɗaukaka ba su kashe masa begen gida ba. Uwarsa ta sha bauta garin nemansa, suka haɗu a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta rasu. Umar ya komo ƙasar Hausa, ya zauna a Rauta yana karantarwa. Ke nan bai yar da asalinsa ba, bai kuma watsar da abin da ya samo a baƙunta ba. Da su biyun ya zama Shaihu.

4.0 Kwatanci da Wani Fim na Amurka

A 2002 Patricia Cardoso ta shirya fim mai suna Real Women Have Curves. Taurariyarsa Ana, 'yar shekara 18, iyayenta 'yan asalin Meziko ne mazauna Los Anjeles. Uwarta tana son ta zauna ta yi aiki a shagon ɗinkin yayarta, ta yi aure kamar yadda aka saba. Ita kuwa malaminta ya ƙarfafa mata guiwa har ta sami gurbi a Jami'ar Kolambiya. Ta tafi da yardar mahaifinta, amma uwar ta ƙi fitowa su yi sallama.

Bambancin a fili yake: an raba Umar da gida da ƙarfi, Ana kuwa ita ta zaɓi tafiya, Umar ya komo, Ana ta bar baya da ƙura. Sai dai a duka biyun malami ne ya tsaya a mararrabar rayuwar matashin.

5.0 Amfanin Darasin ga Malami

Wanda zai koyar a Tambuwal ko Kebbe zai tarar da irin waɗannan yara a ajinsa. Akwai ɗan da aka haifa a Legas ko Ibadan inda iyayensa suka je neman abinci, aka maido shi gida ana yi masa dariya don bai iya Sakkwatanci ba. Akwai ɗan Fulani mai Fulatanci a ruga, Hausa a kasuwa, Ingilishi a aji. Akwai yarinyar da take son ci gaba da karatu, gida kuma ana maganar aure. Idan malami ya nuna wa yaro cewa al'adar gidansu kauyanci ce, ya raba shi da iyayensa. Idan kuma ya yi ko oho da burinsa, ya dushe masa haske. Aikinsa shi ne ya saurari yaro, ya girmama iyaye, ya nemi hanyar da za a tsira da duka biyun, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

6.0 Kammalawa

Darasin ya nuna cewa asali da tarbiyya tare suke gina mutum, kuma malami yana da hannu a yadda za su zauna lafiya a zuciyar ɗalibi.

Auna Fahimta

1. Mene ne jigon tasowa?
2. Kwatanta rawar da malami ya taka a rayuwar Umar da ta Ana.
3. Tsara darasin minti 40 a kan Shaihu Umar ga ɗaliban ƙaramar sakandare.