Filin Kimiyya: Su Wa Ke Gadin Jiki Bayan Dashen Ɓargo?

Da wuya a sami wanda bai san mai sikila ba a cikinmu, kuma da yawa mun ji ana cewa dashen ɓargo na iya raba mutum da ita. Haka ne. A nan Najeriya an fara yin sa a shekarar 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da jiki ke shiga bayan dashen.

Ɓargo shi ne masana'antar jini. A cikinsa akwai iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke haifar ja da farare. Kafin dashe, likitoci kan ba majinyaci magunguna masu ƙarfi da za su share nasa ɓargon, sannan a ɗura masa na mai bayarwa ta jijiya, kamar ƙarin jini. Ba a fasa ƙashi. Ƙwayoyin da kansu suke neman hanya su shiga ƙasusuwa su zauna. An fi son ɗan uwa shaƙiƙi, amma damar dacewar kowane ɗaya kashi 1 ne cikin 4. Masu lissafin gado a darasin Bayoloji, ga inda aikinku ya yi rana.

To, garkuwar jiki runduna biyu ce. Akwai ta koyo, wato ƙwayoyin T da B, masu gane cuta su riƙe ta a ka. Akwai kuma wadda aka haife mu da ita, wadda ba ta jiran darasi kafin ta kai farmaki. Bayan dashe duka biyun sun faɗi, kuma ta koyon kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ta miƙe. Duk tsawon wannan lokaci, ta haihuwa ce ke riƙe da ƙofa.

Niyutrofil ne ke fara dawowa, galibi cikin mako 2 zuwa 3. Kafin nan majinyaci gida ne ba katanga: ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ko ji ta ba tana iya hallaka shi. Shi ya sa ake keɓe shi a ɗaki, kowa ya wanke hannu kafin ya shiga, zazzaɓi kaɗan kuma a tashi tsaye. Kullum ana ɗibar jini ana ƙirgawa. Sai niyutrofil sun kai 500 a kowace mikrolita, kwana 3 a jere, sannan a ce dashe ya kama.

Daga su sai ƙwayoyin NK, waɗanda za mu iya kira makasa na asali. A ganinmu su ne suka fi ban sha'awa. Aikinsu duba shaida ne: kowace ƙwaya ta jiki tana ɗauke da alamar cewa 'yar gida ce, wadda ba ta nuna ba sai su kashe ta. A 2002 likitoci a birnin Feruja na Italiya suka nuna cewa ƙwayoyin NK na mai bayarwa suna iya farautar ragowar sankarar jini a jikin majinyaci, har cutar ta rage dawowa, ba tare da sun auka wa fata ko hanji ba.

Amma wannan runduna ba alheri zalla ba ce. Magungunan share ɓargo suna ji wa hanji rauni, ƙwayoyin cuta su tsallaka, makrofaj da 'yan uwansu su busa ƙaho. Wasunsu, tsofaffin 'yan gida ne da suka tsira, sai su ɗauki alamomin jikin majinyaci su nuna wa ƙwayoyin T na mai bayarwa. Su kuwa baƙi ne, sai su ɗauki mai gida a matsayin maƙiyi, su far wa fata da hanta da hanji. Ƙuraje su feso, gudawa ta ƙi tsayawa, ido ya yi shawara. Wannan ce ta sa ake ba majinyaci maganin danne garkuwa na watanni, kuma idan ya murmure sai an sake yi masa alluran rigakafin da aka yi masa yana jariri, domin sabuwar rundunar ba ta san ƙyanda ko shan-inna ba.