Yadda A Ke Riƙon Ɗakin Kwamfuta

Kwanakin baya ina zaune a zauren gidana a unguwar Hashimi, cikin Suleja, sai 'yar wani maƙwabcina ta yi sallama. Saura mako biyu ta shiga jarrabawar JAMB. Na ɗauko kwamfutata na ajiye mata, na ce ta buɗe tambayoyin gwaji. Sai ta kama linzamin da hannu biyu ta ɗaga shi sama, tana jujjuyawa. Na ce, "Ke, ba a koya muku kwamfuta a makaranta ba?" Ta ce, "Baba, an koya mana, har na ci jarrabawarta. Amma a allo ne. Ɗakin kullum a kulle ya ke, sai ran da baƙi za su zo a ke buɗewa a share."

Abin ya tsaya mini a rai, gama tun 2015 hukumar JAMB ta bar takarda da fensir, kowa da kwamfuta ya ke amsa tambayoyinta. Yaron da ya san Lissafi da Turanci sarai, in hannunsa bai saba ba, sai lokaci ya ƙare yana neman inda zai taɓa. Shekara guda ke nan ta tafi, da kuɗin fom na ubansa.

Na yi shekaru ina riƙe da ɗakin kwamfuta a wata jami'a. Ku kuwa da za ku fita da takardar NCE, da yawanku ran da kuka isa makaranta za a miƙa muku makulli a ce, "Kai ne yaro, kai ka san abin nan." Saboda haka ga abin da na koya, yawancinsa kuwa sai da na yi kuskure sa'an nan na gane.

Ku fara da lissafi. A ce ɗaki yana da kwamfuta 40, ana buɗe shi awa 8 kowace rana, kwana 5 a mako. Watau 40 sau 40, awa 1,600 ke nan na zama. In ɗalibai 800 ne, kowa ya sami awa 2 a mako. To, in 10 suka lalace aka jingine su, awoyin sun koma 1,200, an rage wa kowane ɗalibi rabin awa, ba wanda ya sani. Da wannan lissafi a ke zuwa gaban shugaban makaranta, don ya fi "kayanmu sun lalace" shiga kunne. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana taimakon jami'o'i da kwalejojin gwamnati da gine-gine da kayan aiki, amma saye abu ne na rana ɗaya. Ku nemi a ware muku kuɗin gyara kowane zango, kome ƙanƙantarsa.

Sai maganar wuta, ita ce kuwa uwar matsala. Jiharmu ta Neja ce ke da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Shiroro ta 1990, amma kowa ya san zama kusa da rijiya ba ya hana guga tsinkewa. Kwamfutar tebur da fuskarta tana cin wajen wat 150. Guda 40 sun ci wat 6,000, in sun yi awa 6 sun sha yunit 36 a mita. Ta tafi-da-gidanka tana cin wajen wat 50, watau sulusin wancan, ga ta kuma da batirinta, in an ɗauke wuta aikin yaro bai ɓace ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, duk mai dogara ga janareta ya ji a jikinsa. Ni dai a ganina, in za a sayi sababbi, gara ƙanana masu ƙarancin cin wuta, a haɗa da farantan sola da inbata. Sai dai abin da ya ke da sauƙin ɗauka yana da sauƙin sata, tilas a sami akwatin ƙarfe mai kwado, a kuma ƙirga su safe da yamma.

Ɗaukewar wuta ba ta kai dawowarta ɓarna ba, gama wani lokaci da ƙarfi ta ke dawowa. In an ɗauke, a kashe soket duka, in ta dawo a dakata kaɗan kafin a kunna. Ni kaina na yi sakaci wata Juma'a a farkon damina. Na kashe kome, amma ban zare wayoyi ba, na yi gida. Da dare aka yi ruwa da tsawa. Ran Litinin na tarar da akwatin da ke haɗa kwamfutocin da juna ya ƙone, ya tafi da waɗansu daga cikinsu, don ta wayar sadarwa aradun ta bi. Ba wanda zan ɗora wa laifi. Tun daga ran nan ba na rufe ɗaki da damina sai na zare wayar wuta da ta sadarwa, kuma kowace shekara na kan kira mai gyaran wuta ya duba wayar da aka binne a ƙasa.

Ƙura ita ce ta biyu. Cikin kowace kwamfuta akwai 'yar fanka mai fid da zafi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ta kan toshe ƙofofin iskar, na'ura ta yi zafi, ta riƙa mutuwa da kanta, a ce ta lalace, alhali hura ta kawai a ke bukata. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kada a yi shara da tsintsiya. A rufe na'ura da ƙyalle bayan ta huce, ba tana aiki ba. A buɗe cikinta a hure sau ɗaya kowane zango.

Game da abin da ke cikin na'urar kuwa, kada ɗalibi ya shiga da kalmar sirri ta mai kula da ɗaki. A buɗe masa tasa ƙofa wadda ba ta iya sa kome ko cire kome. Yawancin ƙwayoyin cutar da na yi fama da su a filash suka shigo, saboda haka na ware kwamfuta ɗaya a bakin ƙofa, a can a ke fara duba kowane filash. Ku sani kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a Oktoba 2025. Tsohuwar na'ura ba ta zama bola ba don wannan. A sa mata Linux, kyauta ne, ya ishe ta koyon buga rubutu da lissafi. Inda babu intanet, manhajar Kiwix tana ajiye Wikipedia cikin na'ura a karanta. Ku da za ku koyar da Hausa, ku tabbata an sa madannan da ke fid da ɓ da ɗ da ƙ, kada yaro ya rubuta kafa yana nufin ƙafa.

Kowace na'ura a rubuta mata lamba, a ajiye littafi: wa ya zauna, yaushe, me ya gani. Ku zaɓi ɗalibai huɗu ko biyar ku koya musu ƙananan gyare-gyare, su riƙa buɗe ɗakin da yamma. Na san abin da ke sa malami ya kulle ƙofa, tsoro ne kada abu ya lalace a hannunsa a tuhume shi. Littafin nan shi ne shaidarsa.

A garin nan namu, sa'ad da sunansa Abuja, Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira 20, ta shiga a 1954. Ta riga ta gwanance da ginin hannu, amma injin juya yumɓu sai da ta zauna kansa ta ɓata yumɓu kafin ya bi ta. Wannan labari na ba 'yar maƙwabcina da ta fara jin kunya. Ta riƙa zuwa kowace yamma awa guda. A kwana na huɗu ta daina kallon hannunta, ta koma kallon tambaya. A na goma ta zo da ƙawayenta uku, ni kuwa kwamfuta ɗaya gare ni, sai na raba musu minti 20 kowace.