Kalsiyam: Manzon Cikin Ƙwayar Halitta a Borin Jini da Amosanin Gaɓɓai

Duk ɗalibin da aka tambaya amfanin sinadarin kalsiyam, amsarsa ita ce ƙarfin ƙashi da haƙori. Bai yi kuskure ba, domin kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin ɗan Adam a can yake. Sai dai ɗan ragowar nan yana da wani aiki dabam, wato isar da saƙo. Tun a shekarar 1883 Sydney Ringer ya gano a Landan cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa a ruwan gishirin da ba kalsiyam a ciki.

Asirin yana ga bambancin yawa. Kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwayar halitta ya ninka na cikin ruwanta kamar sau 10,000, kuma ƙwayar tana kashe ƙarfi dare da rana wajen kwashe shi waje, ko tara shi a wata ma'ajiya ta cikinta. Saboda haka da zarar an buɗe ƙofa sai ya kwararo kamar ruwan da aka datse, kwararowar nan kuwa ita ce umarnin fara aiki.

Bari mu duba abin da ke faruwa ga mai borin jini ko asma. A fata da hanci da huhu akwai ƙwayoyin mast, waɗanda Paul Ehrlich ya bayyana a 1878, cike da ƙananan jakunkuna masu ɗauke da histamin. A bayansu akwai wani makamin garkuwar jiki mai suna IgE, wanda aka gano a tsakanin 1966 da 1967. Idan ƙurar fure ko wani sinadarin abinci ya haɗe IgE biyu wuri guda, sai ƙwayar ta samar da sinadarin IP3, shi kuma ya buɗe ma'ajiyar ciki. Amma na ma'ajiya ba ya isa. Da ta fara ƙarewa, sai wani furotin mai suna STIM1 ya ji, ya je ya buɗe ƙofar Orai1 da ke jikin bangon ƙwayar, kalsiyam na waje ya shigo. Nan take jakunkunan su zubar da histamin: ga ƙaiƙayi, ga atishawa, ga kumburi, wani lokaci har numfashi ya yi wuya. James Putney ne ya kawo ra'ayin wannan hanya a 1986, amma sai a 2005 da 2006 aka gane STIM1 da Orai1 ɗin kansu. Maganin ƙaiƙayi irin su Piriton ba ya taɓa wannan ƙofa. Histamin ɗin da ya riga ya fito yake tarewa.

A amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓa, manzon bai sauya ba, ƙwayoyin ne dabam. A cikin ƙwayoyin T, kalsiyam yana tayar da kalsinurin, shi kuma ya saki furotin NFAT ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna ƙera sinadaran kumburi. Irin wannan NFAT ɗin ne kuma ke taimakon samuwar ƙwayoyin da ke cin ƙashi, abin da ke lalata gaɓa a hankali. Magungunan siklosporin da takrolimus kalsinurin suke dannewa.

To, me zai hana a toshe Orai1 kowa ya huta? Yaran da aka haifa ba tare da wannan ƙofa tana aiki ba suna fama da matsanancin raunin garkuwar jiki, domin ta nan ne ƙwayoyin T ke samun umarnin yaƙar cuta. Ragewa ake nema, ba rufewa ba.

Ya kamata malamai su ja kunnen ɗalibai a kan abu ɗaya: daina shan nono ko madara ba ya rage wannan kwararowa, domin jiki da kansa yake daidaita kalsiyam na jini. Matsalar tana ga abin da ke buɗe ƙofar.