DARASIN FIƘIHU: HAƘƘIN MAI SAYE NA NESA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa yana cikin babin ciniki, wato Babul Buyu'i, kuma a kan mas'ala guda ne. Shin mutumin da zai sayi kayanka yana wata ƙasa, bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba, yana da haƙƙi a kanka kamar wanda ya tsaya gabanka a kasuwa? Amsa ita ce e, yana da shi, babu ragi ko kaɗan.

INA RUWANMU DA CINIKIN ƘASASHEN WAJE?

Wani zai ce, Malam, mu da muke Roni ko Gwiwa me ya haɗa mu da wannan? To ku saurara. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a Jigawa, 'yan kasuwa kan tara su a kasuwannin ƙauye, su kai Dawanau ta Kano, daga nan sai tashar jirgin ruwa a Legas. Riɗinmu yakan kai Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo kuwa har Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Ke nan manomin da ya ɗure buhu a Babura ko Kazaure, shi ne farkon igiyar, ko da bai taɓa ganin teku ba.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi a kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma ya barranta daga mai yin algus. Ku lura, laifin mutumin nan ɓoyewa ne, domin da ya bayyana aibin, cinikinsa halal ne.

A cikin Risala, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya jero abubuwan da ba su halatta a ciniki ba, daga cikinsu akwai algus, da yaudara, da ɓoye aibi, da gauraya mummuna da kyakkyawa. A babin kuma ya halatta sayen kayan da ke ƙulle cikin ɗauri bisa takardar da ta siffanta su, abin da malamanmu na Malikiyya ke kira bai'u alal barnamaj. Wannan shi ne ainihin cinikin ƙasa da ƙasa a yau: mai saye ba ya kwance kowane buhu, siffar da aka faɗa masa ita ya saya. In kaya suka saɓa wa siffa, yana da zaɓin mayar da su, kai kuma zunubin ƙarya yana wuyanka.

Saboda haka zuba yashi ko tsakuwa a riɗi, da yayyafa wa zoɓo ruwa don ya yi nauyi, da sa mai kyau a bakin buhu a tura ruɓaɓɓe ƙasa, da bugun gindin tiya, duk haramun ne. Ku koma ku karanta farkon Suratul Muɗaffifina da ƙissar mutanen Madyana, ku ga ƙarshen masu tauye mudu.

MISALIN DA YA FARU

A watan Yuni na shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili shi ne an yi ta samun maganin ƙwari mai suna dichlorvos a jikinsa, irin wanda ke cikin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an sami waken da ya kai 4.6. A 2016 suka ƙara wa haramcin shekara uku. Masu ajiya ne suka zuba guba don gudun ƙwari, amma hukuncin bai tantance mai laifi da mai gaskiya ba, wake ɗaya ya ɓata gari. Sannan ku yi tunani, waken da aka ƙi karɓa a waje, wa yake cin irinsa a gida? Mu ne da 'ya'yanmu.

SHUBUHOHI UKU

Ta farko: wai ai ba Musulmi ne zai saya ba. Wannan jahilci ne. Lokacin Hijira Annabi (S.A.W.) ya bar Sayyidina Ali (R.A.) a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali a lokacin Ƙuraishawa neman ransa suke yi. Amana ba ta tambayar addinin mai ita.

Ta biyu: wai kowa haka yake yi, in ban yi ba zan faɗi. Yawan masu saɓo ba ya halatta shi. Kuma hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa gaskiya da bayyana aibi suna jawo albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta.

Ta uku: wai ni dillali ne kawai, kayan ba nawa ba ne. Dillalin da ya san aibi ya yi shiru, ko ya rantse a kan ƙarya, ya yi tarayya cikin laifin. Haka wanda ya ba da cin hanci don a sa wa gurɓataccen kaya hatimin lafiya, shi da mai karɓa duk sun shiga la'ana.

ABIN DA YA KAMATA

(1) A shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a ɗure, domin danshi ke kawo funfuna mai guba, musamman a gyaɗa. (2) A adana wake a buhu mai ninki uku ko duro mai murfi da iska ba ta shiga, ƙwari za su mutu ba tare da guba ba. (3) A ware mai kyau daban, na baya daban, kowanne da farashinsa. (4) In ciniki na bashi ne ko na alkawari, a rubuta da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bai'u alal barnamaj?
2. Manomi ya gane riɗinsa ya sha ruwa, ga mai saye ya zo. Yaya zai yi cinikinsa ya halatta?
3. Kawo dalili ɗaya a kan haramcin cutar wanda ba Musulmi ba a ciniki.

Ku rubuta amsa da ajami ko da boko ku miƙa wa malamin ajinku. Ku kuma karanta wa iyayenku wannan darasi cikin ladabi, kafin kaka ta yi. Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa na kusa da na nesa, amin. Wallahu a'alamu.