Yadda Ake Wanke Gashin Asali Ba Tare Da Ya Kakkarye Ba

Yara mata da yawa suna tsoron ranar wanke kai. A zaunar da yarinya a tsakar gida, a tsefe kitso cikin gaggawa, a sheƙa ruwa, a cuɗe kan da sabulu kamar ana wankin zane, sannan a shiga kokawa da mataji. Kafin a gama idonta ya yi ja, gashi ya taru curi-curi a haƙoran mataji. Haka muka tashi muna zaton gashinmu ne mai gardama, alhali laifin na hanyar wankin ne.

Gashinmu a nannaɗe yake tun daga tushe. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin lanƙwasar ya kai ƙarshen sili, shi ya sa gindi ke yin maiƙo, baki kuma ya bushe. Kowace lanƙwasa kuma wuri ce mai rauni inda sili zai iya tsinkewa. Don haka ki riƙe wannan: fatar kai ake wankewa, gashi kuwa lallaɓa shi ake yi.

Sau nawa?

Likitocin fata suna ba masu irin gashinmu shawarar wanki sau 1 a mako, ko sau 1 a mako 2. A bazara, lokacin da zufa ke taruwa a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, ki yi duk mako. Da hunturu, iska ta riga ta shanye danshin gashi, sai ki ɗan sassauta.

Kayan da za ki tanada

Shamfu marar ƙarfi ko sabulun salo, kwandishina ko busasshen karkashi, man kaɗe ko man zaitun, mataji mai manyan haƙora, tsohuwar riga ta auduga, da bokitin ruwa mai ɗumi. Sabulun wanki da garin wanki na tufafi ne, kada su kusanci kanki.

Mataki na 1: Tsifa cikin natsuwa

Ki shafa ɗan mai a yatsunki, ki fara tsefe kowane kitso daga baki zuwa gindi. A gindin za ki tarar da ɗan dunƙulen dauɗa da matattun silin gashi sun liƙe. Ki warware shi da yatsu, ki zare. Wannan wurin ne mutane ke tsallakewa, kuma nan ɓarnar take: in ruwa ya taɓa wannan dunƙulen kafin a warware, sai ya ƙulle tamau har sai an sa almakashi.

Kada gashin da ke fita ya tayar miki da hankali. Mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum. In kitso ya yi mako 3, sama da sili 1,000 ne suka rasa hanyar faɗuwa, yau ne za su fito.

Mataki na 2: Raba gashi, ki shafa mai

Ki raba kan gida 4, ko 6 in gashin mai cika ne. Ki shafa wa kowane kashi mai, musamman bakinsa, ki yi masa kalaba sako-sako. Ki bar shi minti 30. Man zai kare gashin kada kumfa ta kwashe duk maiƙonsa, kalabar kuma ta hana shi cukurkuɗewa.

Mataki na 3: Jiƙawa

Ki zuba ruwa mai ɗumi, wanda bayan hannunki zai iya jurewa ba tare da kin janye ba. Gashi mai cika yana ɗaukar lokaci kafin ruwa ya ratsa shi, don haka ki ci gaba da zubawa har ki ji ɗumin ruwan a fatar kai ko'ina.

Mataki na 4: Wanke fatar kai

Ki tsiyaya shamfu a kofi, ki sirka da ruwa. Ki ɗauki kashi ɗaya, ki riƙe bakinsa da hannu guda, ki zuba a gindi, ki murza fatar da tsokar yatsu. Kada ki sa farce, domin yakan yi ƙananan raunuka da ke jawo ƙuraje. Ki kula da ƙeya, bayan kunnuwa da gaban goshi, inda bakin ɗankwali ke tara zufa. Kumfar da ke gangarowa ta isa ta wanke jikin gashin. Kada ki tara shi a tsakiyar kai kina cuɗawa.

In sabulun salo kike so, ki san halinsa. Da toka ake haɗa shi, saboda haka yana da kaifi: a ma'aunin pH yakan kai 9 ko 10, fatar kai kuwa tana wajen 5.5. Kaifin yana ɗaga ɓawon da ke lulluɓe da sili, wanda ke jere kamar na jikin kifi, sai gashi ya yi kaushi. Ki narkar da ɗan gutsure a ruwa, ki tace, ki yi amfani da ruwan. Bayan ɗauraya, ki zuba cokali 1 na ruwan kal a kofi 2 na ruwa, ki kwarara a kai don ɓawon ya kwanta. Wannan yana da amfani sosai ga masu wanka da ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri.

Mataki na 5: Santsi da taza

Iyayenmu sun daɗe da sanin sirrin karkashi, kuma matan Chadi har yau da shi suke wanke kai. Ki jiƙa cokali 2 na busasshen ganyen a kofi 2 na ruwan ɗumi, ki bar shi minti 15 har ya yi yauƙi, ki tace. Kada ki jefa kanwa kamar za ki kaɗa miya. In kwandishina gare ki, shi ma aikin ɗaya ne.

Ki kwance kashi ɗaya, ki shafe shi sosai, ki fara rabawa da yatsu. Sannan ki sa mataji daga baki, kina hawa a hankali zuwa gindi. In ya cije, ki tsaya, ki ƙara santsi. Ki mayar da kalabar, ki koma na gaba. Bayan minti 5 ki ɗauraye tas.

Mataki na 6: Tsanewa da rufe danshi

Ki naɗe kan da rigar auduga, ki matse ruwan a hankali. Gurza tawul yana tsinka gashi. Tun da sauran danshi, ki narkar da man kaɗe a tafin hannu ki shafa. Ruwa ne ke ba gashi laushi, mai kuma yana tsare ruwan ne kada ya gudu. In kin shafa shi a busasshen gashi, sheƙi kawai za ki samu.

Mataki na 7: Bushewa kafin rufewa

Ki bar kalabar ta sha iska a inuwa har gindi ya bushe. Ɗaura ɗankwali a jiƙaƙƙen kai yakan kawo wari da ƙaiƙayi. In za ki wurin mai kitso, ki roƙe ta ta sassauta hannu a gaban goshi, domin jan da ya yi yawa yana cinye gashin wurin, wani lokaci har abada.

Lokacin zuwa asibiti

Amosanin da ya ƙi jin wanki yana buƙatar shamfu na magani. In kuwa kin ga zagayen da gashi ya zube da farin ɓawo a kan yaro, yana iya zama makero. Wannan ba ya warkewa da wanki, sai likita ya ba da maganin sha, kuma a daina haɗa mataji da sauran yara.

 Ki zaɓi safiyar da ba kya sauri, ki zaunar da 'yarki a gabanki, ki bar ta ta riƙe kofin karkashi tana kallon yadda mataji ke wucewa ba tare da ta yi ƙara ba. Abin da ta ji a kanta yau, shi za ta yi wa tata 'yar gobe.