Guzurin iyali a gaɓar Bahar Maliya

Wanda ya zo Jidda da iyalinsa bayan Umra, ko ya zo ziyarar dangi, bai kamata ya ƙare kwanakinsa tsakanin masauki da kasuwar Balad ba. Ga teku a gabansa. Kimanin kilomita 30 arewa da gari akwai Abhur, inda Bahar Maliya ta kutso cikin tudu kamar kogi, ruwan a kwance, ana hayar ƙananan jiragen ruwa da kwale-kwalen tuƙi. A kudu kuma akwai Shu'aiba, tsohuwar tashar jiragen Makka kafin Sayyidina Usmanu ya mai da ita Jidda; a Shu'aibar ne mutanen gari ke kafa tanti su kwana. Tafiyar ba wuya. Abin da ke ɓata ta shi ne abinci, domin masu shiri kan manta cewa zafin Jidda ba irin na Kano ba ne. Namu busasshe ne, nasu mai ɗanshi, ga gishiri a iska. Miyar da za ta kai dare a gida, a can kafin la'asar ta soma tsami.

Saboda haka a jera abinci bisa saurin lalacewarsa. Mai ruwa-ruwa a ci shi da wuri, busasshe a bar shi sai gobe.

Karin kumallon ranar tafiya kada uwargida ta wahalar da kanta. A tsaya a kan hanya a sayi tamis da zafinsa, wato faffaɗar gurasar tanderun nan, da ful, waken da aka dafa har ya narke aka zuba masa mai. Kusan kowace unguwa akwai mai sayarwa tun asuba, kuma yana riƙe cikin yara har azahar.

A cikin jirgin ruwa ba a kunna wuta, kuma a guji maiƙo, don yaron da bai saba da kaɗawar ruwa ba zai dawo da abin da ya ci. Dabino, ayaba, biskit, kokwamba da kankana da aka yanka tun a gida sun isa. Nono mai sanyi, wanda suke kira laban, ya fi lemon kwalba kashe ƙishirwa.

Cin dare shi ne sarautar tafiyar, kuma na kifi ne. Sai dai shawarata ita ce kada maigida ya dogara da ƙugiyarsa. A biya babbar kasuwar kifi ta Bangala da sassafe, a zaɓi sha'ur ko najil ko hamur, a ba masu gyara su kankare su fasa ciki, a binne shi cikin ƙanƙara a kula. Najil ya fi tsada. Sha'ur ya wadatar da iyali ba tare da aljihu ya koka ba. Da yamma a tsattsaga shi, a shafe da gishiri, tafarnuwa, lemun tsami da yajin ƙuli, a naɗe a takardar gashi a ɗora kan gawayi. Yajin ba zai yi wuyar samu ba, domin Hausawa mazauna Makka da Jidda sun daɗe da shigar da tsire cikin cimar Hijaz. Mutanen gari kan haɗa kifinsu da sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da albasar da aka soya har ta yi duhu. Tukunya ɗaya take ci, kuma duk wadda ta iya dafa-duka ba za ta sha wuyarta ba. In ana son sauƙi, a soya albasar tun a gida.

A sayi gawayi a shago, a tafi da murhu ko ƙaramar tukunyar gas. Sare itace da hura wuta a ƙasa inda ba a keɓe ba laifi ne a Saudiyya, akwai tara. Iskar teku kuma takan tashi da rana ta kai yamma, don haka a kare murhu da jikin mota ko wani allo, nesa da tanti.

Kashegari ƙanƙara ta narke, kuma a nan ne guzurin kakanninmu ke nuna darajarsa. Mutanen da suka taka ƙasa daga Kano, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye ruwa daga Sawakin zuwa wannan gaɓar, busasshen abinci ne ya kawo su. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da ɗan mai da albasa da tumatir, kwaɗo ne na minti biyar. Dambun nama cikin tamis ɗin jiya, da shayi, karin kumallo ne cikakke. In yara sun ƙi, taliyar Indomie da ƙwai ba ta taɓa ba da kunya ba, ko kuskus, wanda ruwan zafi kawai yake bukata, a juye masa kifin gwangwani.

Ruwan sha kuwa a ɗauki fiye da yadda ake zato. Lita huɗu ga kowane mutum a yini ba almubazzaranci ba ne, ban da na girki da alwala. A daskarar da wasu gorunan tun dare: su sanyaya kula, in sun narke a sha.

A zaɓi tsakanin Disamba da Fabrairu. A watannin zafi kwanan tanti da ƙananan yara azaba ce. In hadari ya haɗu a fasa, kuma kada a kafa tanti a bakin kwari, domin ambaliyar Nuwamban 2009 ta nuna abin da ruwan sama ke iya yi a Jidda. A hau jirgi mai lasisi, a riƙe fasfo ko iƙama domin dakarun tsaron iyaka ne ke kula da fita teku, kowane yaro da rigar ceto. Juma'a da Asabar wuraren kan cika maƙil, mai iko ya tafi tsakiyar mako. Leda da ƙayar kifi a tattara a komo da su gari.