Motar Da Ba A Cika Hawa Ba: Yaushe Ya Kamata A Yi Mata Juye?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, motoci da yawa suka koma zaman gida. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A Kiyako, kamar sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, ba abin mamaki ba ne a ga mota a gindin darbejiya an lulluɓe ta da tamfol, babur ya karɓi aikin zuwa gona da kasuwa. Ba a fito da ita sai ranar Sallah, ko biki, ko in rashin lafiya ta tashi cikin dare za a kai mutum asibitin FMC na Birnin Kudu.

Galibi matashin gidan ne ake damƙa wa mukullin, musamman in mai motar yana aiki a Kano ko Abuja. Shi ne kuma yake cin karo da tambayar: motar da ba ta zuwa ko'ina, tana buƙatar juye kuwa? Amsar ita ce tana buƙata. Baƙin mai yana tsufa da tafiya, yana kuma tsufa da kwanaki. Motar da ba a cika hawa ba, da kalanda ake auna juyenta, ba da kilomita ba.

Sharaɗi biyu, duk wanda ya fara cika

Littafin da ke zuwa da mota ba ya ba da lamba ɗaya, biyu yake bayarwa: nisan tafiya da tsawon lokaci. Kamfanin Toyota, a motocin da ya yi wa kasuwar Amurka, ya sa mil 5,000 ko wata 6 ga masu amfani da mai na gama-gari. Da yawa daga cikin waɗanda ke amfani da man sintetik mai lamba 0W-20 kuma ya sa musu mil 10,000 ko wata 12. Honda ma ta ce ko da kwamfutar motar ba ta nuna lokacin sabis ba, in shekara ta zagayo a sauya mai.

Duk wanda ya taɓa sayen data ya san wannan tsari. In mutum ya sayi data ta wata ɗaya, ko dai ta ƙare saboda amfani, ko kwana 30 su cika ta ƙone, ko da bai taɓa ta ba. Haka baƙin mai yake.

A lura da wani abu: yawancin motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 5,000 ya kama kusan kilomita 8,000.

A ɗauki misalin motar da ke yin kilomita 40 a mako, zuwa masallacin Juma'a da ɗan kewaye cikin gari. A shekara ba za ta wuce kilomita 2,100 ba. In aka ce sai ta cika kilomita 8,000 za a yi mata juye, man zai yi kusan shekara huɗu a cikin inji. Babu kamfanin motar da ya yarda da haka.

Me ke lalata mai alhali mota na tsaye?

Abu na farko ruwa ne. Duk litar fetur da inji ya ƙone, tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, shi ya sa ake ganin ruwa na ɗiga daga bayan mota da safe. Amma kaɗan yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara inda mai yake. In injin ya yi zafi sosai, mai ya kai kusan digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, ruwan zai koma tururi ya fita. In bai yi zafi ba, nan zai zauna. Ruwa da dattin ƙonewa in suka haɗu suna zama asid mai cin ƙarfe a hankali, suna kuma yin wani kauri kamar kwalta da ke toshe hanyoyin mai.

Na biyu fetur. Lokacin da inji ke da sanyi, kwamfutarsa tana ƙara masa fetur fiye da yadda yake sha in ya ɗumama. Wanda bai ƙone ba yana wanke jikin silinda ya shiga cikin mai, sai man ya tsinke, ƙarfinsa na raba ƙarfe da ƙarfe ya ragu.

Na uku iska da zafi. Mai yana haɗuwa da iskar da ke cikin inji ya riƙa canjawa, zafi kuma yana hanzarta hakan. Akwai sinadaran da kamfani ke zubawa a cikin mai don kashe asid da riƙe datti, kuma suna ƙarewa a kan aikin. In sun ƙare, man yana nan a ido, amma kariyar ta tafi.

Na huɗu ƙura. Wannan ba sai an yi wa mutumin Jigawa bayani ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika ko'ina da ƙura, hanyoyin ƙauye da dama kuma ba kwalta. Ƙurar da ta kuɓuce wa filtar iska a cikin mai take ƙarewa. Shi ya sa Toyota ta sa tuƙi a hanyar burji da ƙura cikin yanayin da ke rage wa'adin mai zuwa mil 5,000 ko wata 6, ko da sintetik ne.

Ɗumama inji da safe ba ya wadatarwa

Mutane da yawa suna tayar da mota kowace safiya, su bar ta tana aiki a tsaye minti biyar, su kashe, da niyyar kada ta lalace. Niyyar mai kyau ce, amma aikin yana ƙara matsalar. Minti biyar sun isa su samar da ruwa da ɗanyen fetur a cikin mai, amma ba su isa su kore su ba. Allurar zafi da ke gaban direba zafin ruwan lagireto take nunawa, shi kuwa mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi. Batir ma ba ya samun cajin kirki a wannan ɗan lokaci.

Abin da ya fi shi ne a fito da motar sau ɗaya a mako, ko aƙalla a mako biyu, a hau kwalta a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, ko wajen Birnin Kudu aka nufa ko wajen Gwaram. In akwai wata hidima ta gida a can, sai a haɗa da ita, fetur ɗin bai tafi a banza ba.

To, wata nawa ke nan?

Littafin motar ne shugaba. In ya ɓace, ana samun na yawancin motoci kyauta a intanet, sai a nema da sunan mota da shekararta. In ba a samu ba, ga ma'aunin da za a iya bi:

- Wata 6: in tafiye-tafiyen gajeru ne, ko ana bin hanyar ƙura, ko injin ya tsufa, ko man na gama-gari ne. Yawancin motocin da ke ajiye a Kiyako da kewaye a nan suka faɗo.
- Wata 12: in man sintetik ne na gaske, injin lafiya lau, kuma duk fitar da motar za ta yi doguwa ce a kan kwalta, kamar zuwa Dutse ko Kano. Kada a wuce shekara.
- Kafin dogon ajiya: in an san motar za ta yi watanni ba a taɓa ta ba, a yi juyen kafin a ajiye, kada ta kwana da tsohon mai mai asid a cikinta.
- Motar da ta shekara a tsaye, ko wadda aka saya ba a san ranar juyenta na ƙarshe ba: a yi juye kafin a shiga doguwar hanya da ita.

Ga mai bin wata 6, hanya mai sauƙi ita ce ya ɗaura juyen a kan yanayi: ɗaya a watan Maris bayan ƙurar hunturu ta lafa, ɗaya a watan Satumba wajen ƙarshen damina. Kowane juye a haɗa da sabuwar filtar mai, domin tsohuwar tana riƙe da datti da ragowar tsohon mai. Haka nan babu dalilin yi wa motar da ke ajiye juye kowane wata, wannan asarar kuɗi ce kawai.

Duba mai a cikin minti biyu

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe ta, a jira wasu mintuna. A zaro gejin mai a goge da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyun da ke jikinsa. Sannan a kula da abubuwa uku. In man yana warin fetur sosai, ko ya ƙaru ba wanda ya ƙara, fetur ne ke shiga cikinsa. In an ga wani abu kamar kindirmo a ƙarƙashin murfin zuba mai, alamar ruwa ce. In kuma ruwan lagireto yana raguwa tare da haka, a kai wa bakanike ya duba gasket, kada a ci gaba da tuƙi.

Launi kaɗai ba hujja ba ne. Mai yana iya yin baƙi da wuri don yana kwashe datti, wanda aikinsa ne. Yana kuma iya kasancewa garau a ido alhali ya shekara biyu.

Inda waya ke shigowa

Babbar matsalar motar da ke ajiye mantuwa ce, waya kuma ba ta mantuwa. Ranar da aka yi juye, a ɗauki hoto uku: lambar tafiyar da ke allon mota, galan ɗin man, da kwalin filta. Wayar da kanta za ta adana ranar. Sai a buɗe Google Calendar a sa tunatarwa mai maimaita kanta duk wata 6, a tura hotunan wa mai motar ta WhatsApp, ya zama shaida tsakanin 'yan uwa. Mai son cikakken lissafi zai iya sauke manhaja kamar Drivvo ko Fuelio, waɗanda ke ajiye bayanan fetur da sabis.

Kada a dogara da fitilar "MAINT REQD" da ke tsofaffin Corolla da Camry na Amurka. Wannan fitila ba ta gwada mai, mil kawai take ƙirgawa, sai ta cika 5,000 daga ranar da aka goge ta sannan ta kama. A motar da ba ta tafiya, za ta yi shekaru ba ta kama ba. Ita kuwa jar fitila mai siffar buta ba tunatarwar juye ba ce. In ta kama ana tafiya, mai ba ya zagayawa da ƙarfin da ya kamata, a tsaya a kashe inji nan take.

Akwai kuma ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a kafar OBD2, mai baki 16, wadda galibi take ƙasan sitiyari. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da wannan kafa. Na'urar tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, manhaja kamar Torque ko Car Scanner ta nuna ainihin zafin ruwan inji. Inji mai lafiya yakan tsaya wajen digiri 85 zuwa 95. In an yi tafiyar minti 20 bai kai nan ba, mai yiwuwa an cire masa tamostat an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a Najeriya. Irin wannan inji yana daɗewa bai yi zafi ba, musamman da hunturu, manshi kuma ya fi saurin tara ruwa. A tuna a zare na'urar bayan an gama, don tana jan batir ko mota na kashe.

Wane mai za a saya?

Lambar kauri, kamar 5W-30 ko 20W-50, tana cikin littafin mota, wasu motocin ma an rubuta ta a murfin zuba mai. A bi ta, kada a ce ƙasarmu da zafi sai mai kauri ya dace da kowace mota. Akwai kuma haruffan API a bayan galan: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Na baya-bayan nan yana iya maye gurbin na da a injin fetur. Jabun mai yana yawo a kasuwa, don haka a saya a gidan mai ko wajen dillalin da aka sani, a tabbata murfin a rufe yake da hatiminsa. A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya. Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, a bar wa bakanike a cikin jarka.

Corolla ba ta cin fiye da kusan lita 4 a juye ɗaya. Kuɗin wannan da na filta, sau biyu a shekara, bai kama ƙafar kuɗin inji ba in ya buga. Sannan motar da aka ajiye don ranar larura, amfaninta shi ne ta tashi ta kai ranar da aka neme ta. Duk wanda ke riƙe da mukullin irin wannan mota, ya tambayi kansa wane wata aka yi mata juyen ƙarshe. In ya kasa tunawa, lokacin ya riga ya yi.